Shekarar jan tsuntsu: kofin da jami'ar Louisville ta ci a fili, aka karɓe a biro

Matafiyin da ya bi hanyar Dakar zuwa Saint-Louis, a ƙasar Senegal, idan ya iso garin Kébémer yana iya ɗauka tsakanin Agye da Gazawa yake. Rairayi ne iyakar ganin ido, ga gawo jefi-jefi cikin gonakin gero da gyaɗa da wake, ga amalanke a bakin kwalta, damina kuwa wata uku ce in ta yi kirki. A wannan gari aka haifi Gorgui Dieng ranar 18 ga Janairun 1990. Yana yaro ƙwallon ƙafa ya sa gaba kamar sauran tsararsa, amma da tsawonsa ya wuce misali sai aka karkata shi ga ƙwallon kwando, wato basket. Ya shiga makarantar SEED ta birnin Thiès, wadda Amadou Gallo Fall ya kafa domin haɗa karatu da wasa. A 2009 ya yi fice a wani sansanin horon matasa a Afirka ta Kudu, daga nan aka ɗauke shi zuwa wata lise ta Amurka, da ɗan Ingilishin da bai taka kara ya karya ba. A 2010 ya shiga jami'ar Louisville, cikin jihar Kentucky. Ranar 8 ga Afrilun 2013, a birnin Atlanta, gaban mutum 74,326, aka miƙa masa shi da abokansa kofin jami'o'in Amurka baki ɗaya. A yau kuwa, wanda ya buɗe kundin hukumar da ke shirya gasar ya nemi zakaran 2013, ba zai tarar da sunan kowa ba. An goge.

Kafin a kai ga yadda aka yi aka goge, ya kamata mai karatu ya san abin da aka rubuta tukuna. A Amurka wasan jami'a babbar harka ce. Jami'o'i wajen 350 ne ke cikin rukunin farko na hukumar da ake kira NCAA, kowace da ƙungiyoyinta na maza da na mata a wasanni iri-iri, da filayenta, da likitocinta, da masu horaswa waɗanda albashin wasunsu ya ninka na shugaban jami'ar kansa. Ɗalibin da ya iya wasa ana ba shi bursu: kuɗin makaranta, da ɗaki, da abinci, da littattafai. A wancan lokaci iyakar abin da doka ta yarda a ba shi ke nan.

Shi kuwa Louisville birni ne a bakin kogin Ohio, kuma ko wanda bai taɓa jin sunansa ba ya san ɗansa guda: a nan aka haifi ɗan dambe Muhammadu Ali a 1942, a nan kuma aka rufe shi a 2016. Garin dawaki ne, tun 1875 ake yin babbar sukuwar Kentucky a cikinsa kowane watan Mayu. Ba shi da ƙungiya a manyan gasannin ƙwararru na basket ko na ƙwallon Amurka, saboda haka ƙungiyoyin jami'a su ne na gari, attajiri da lebura duk su suke bi. Alamarsu wani jan tsuntsu ne mai tukku, cardinal, shi ya sa suke shiga ja, shi ya sa kuma mutanen garin suka raɗa wa shekarar karatu ta 2012 zuwa 2013 suna shekarar jan tsuntsu. Zauren da ake basket a cikinsa, wanda aka buɗe a 2010, yana cin mutum 22,000, kuma sunan kamfanin soyayyar kaza na KFC ne a goshinsa. Mai kula da dukan wasannin jami'ar tun 1997, Tom Jurich, mutum ne da ya iya neman kuɗi wajen attajirai, ya kuma iya gini. Ranar 28 ga Nuwamban 2012 ya samo wa jami'ar gurbi a ƙawancen ACC, ɗaya daga cikin ƙawancen jami'o'in da gidajen talabijin suka fi biya. Daga wannan rana abubuwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne ƙwallon Amurka, wanda suke kira futbol alhali da hannu aka fi yinsa: mutum 11 kowane ɓangare, sanye da kwalkwali da sulke, ƙwallon kuwa mai siffar ƙwai da tsini a kowane gefe. Mai horaswa Charlie Strong ne, baƙar fata, wanda ya daɗe yana mataimaki a wasu jami'o'i kafin a yarda a damƙa masa ƙungiya tasa. Mai rarraba ƙwallo wani saurayi ne ɗan shekara 20, Teddy Bridgewater. Washegarin labarin ACC, a gidan jami'ar Rutgers, ya shiga fili da karaya a wuyan hannun hagu da targaɗe a idon sawu, ya tarar ana cin su, ya juya wasan suka ci 20 da 17. Wannan ya kai su babban wasan ƙarshen shekara da ake kira Sugar Bowl, a birnin New Orleans, ranar 2 ga Janairun 2013, da jami'ar Florida, wadda take cikin huɗun farko a ƙasar. Masu hasashe sun ba Florida fifikon maki wajen 14. Aka kawo Muhammadu Ali tsakiyar fili, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, domin ya tsaya wa garinsu wajen jefa ƙuri'ar farawa. Daƙiƙa 15 da busa usur, wani ɗan bayan Louisville, Terell Floyd, ya cafe ƙwallon da Florida ta jefa, ya sheƙa da shi har gidansu. Florida ba ta sake samun kanta ba. Aka tashi 33 da 23.

Ranar Lahadi guda

Basket kuwa a hannun Rick Pitino yake tun 2001, mutumin da ya riga ya ci kofin ƙasa a 1996 da jami'ar Kentucky, babbar kishiyar Louisville. Salonsa matsi ne: ba a barin abokin karawa ya yi numfashi tun daga inda ya ɗauki ƙwallo. Gajeru biyu masu zafin nama, Peyton Siva da Russ Smith, su ke farauta a gaba, suna kai hannu ko za su fizge ƙwallo. Wannan kasada ce, domin wanda ya kai hannu ya kuskure an wuce shi. Abin da ya ba su damar yin kasadar shi ne sanin cewa akwai Dieng a baya, tsaye ƙarƙashin kwando da tsawonsa sama da mita 2, wanda ya tsere wa na gaba zai tarar da shi. Aikin da ba ya jawo tafi ke nan, amma masu horaswar ƙawancen Big East sun gane shi, suka zaɓe shi gwanin tsaro na shekarar.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. A Nuwamba Dieng ya karye a wuyan hannu a wata gasa a tsibiran Bahamas, ya rasa wasa 7. Ya dawo a ƙarshen Disamba, ranar karawa da Kentucky, ranar da mahaifansa suka zo daga Senegal suka gan shi yana wasa a jami'a karon farko. A Janairu aka ci su sau uku a jere. Ranar 9 ga Fabrairu, a gidan Notre Dame, aka yi ta kunnen doki har aka ƙara lokaci sau biyar, daga bisani aka ci su 104 da 101. Wannan shi ne kaye na ƙarshe: wasa 16 da suka biyo baya duk sun cinye.

Gasar ƙasa ana yinta ne a Maris da farkon Afrilu, ƙungiya 68 a wancan lokaci, kuma tsarinta ba baƙo ba ne ga wanda ya san kokowar takobi, inda ƴan kokowa 80 ke zuwa daga jihohi takwas, wanda ya sha ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Haka nan ma: kaye ɗaya, ka naɗe tabarmarka.

Ranar Lahadi 31 ga Maris 2013, a birnin Indianapolis, Louisville ta haɗu da jami'ar Duke, wanda ya ci ya shiga huɗun ƙarshe. Saura minti shida da ƴan kai a tafi hutun rabin lokaci, ana 21 da 20, wani ɗan wasa da ake sakowa daga benci, Kevin Ware, ya yi tsalle domin ya tare jifa, ya dira a kan ƙafar dama a gaban bencin ƙungiyarsu. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata ya fito. Zauren ya yi tsit. Abokan wasansa wasu suka zube ƙasa suna kuka, wasu suka rufe fuska da riga, Pitino kansa aka gan shi yana share hawaye. Mutum ɗaya, Luke Hancock, ya je ya durƙusa kusa da shi, ya dafa ƙirjinsa yana yi masa addu'a har masu agaji suka gama ɗaure ƙafar. Shi kuwa Ware, yana kwance, abin da yake ta maimaita wa ƴan uwansa shi ne su rabu da shi su je su ci wasan. Suka dawo daga hutu suka yi wa Duke kaca-kaca, 85 da 63.

A daren wannan rana, a birnin Oklahoma, ƴan matan jami'ar suka yi abin da masana da yawa ke ɗauka ya fi na mazan ban mamaki. Abokiyar karawarsu jami'ar Baylor ce, mai riƙe da kofi, wadda ta ci wasa 32 a jere, kuma tana da Brittney Griner, mai tsawon mita 2 da santimita 3, wadda ba a taɓa ganin irinta a wasan mata ba. Mai horaswa Jeff Walz ya ga cewa shiga ƙarƙashin kwando wajen Griner asara ce, ya sa aka yi mata taron dangi a duk lokacin da ƙwallo ya nufe ta, su kuma suka koma jifa daga nesa, inda kowace jifa maki 3 ce. Sun jefa 25, 16 suka shiga. Cikin jagororinsu akwai ya da ƙanwa, Shoni da Jude Schimmel, ƴan ƙabilar Umatilla, daga cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, waɗanda ba safai ake ganin ƴaƴansu a irin wannan fage ba. Duk da haka Baylor ta farfaɗo, ta wuce gaba da maki ɗaya ana saura ƴan daƙiƙu. Aka yi wa Monique Reid ƙeta saura daƙiƙa 2.6, ta tsaya ita kaɗai a layi ta jefa biyu, duka suka shiga. 82 da 81. Suka ƙara da Tennessee da California suka kai wasan ƙarshe.

Mazan ma da ƙyar suka tsallake Wichita State, 72 da 68, bayan an ba su ratar maki 12. Wanda ya fara ceto su Tim Henderson ne, ɗalibin da ya shigo ƙungiyar ba tare da bursun wasa ba, wanda bai cika samun shiga fili ba sai da Ware ya karye. A wasan ƙarshe da jami'ar Michigan aka sake ba su ratar 12 tun kafin hutu. Hancock, wanda shi ma daga benci yake tasowa, ya jefa na nesa huɗu a jere cikin ƙasa da minti uku, aka tafi hutu Michigan na gaba da maki ɗaya tak. Dieng ya ci maki 8, ya kamo ƙwallo 8, ya miƙa 6 da aka ci da su. Aka tashi 82 da 76, kofi na uku ga jami'ar bayan na 1980 da 1986. Al'ada ce zakaru su hau tsani su yanke ragar kwando. Sai aka sauko da kwandon ƙasa domin Ware, yana dogara sanda, ya yanki rabonsa. Washegari ƴan matan suka gamu da Connecticut, wadda ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, 93 da 60.

Sauran wasannin a taƙaice: a Maris wani ɗalibi ɗan Birazil, João De Lucca, ya zama zakaran jami'o'i a ninƙayar yadi 200. A Yuni ƴan besbol, wasan bugun ƙaramin ƙwallo da kulki, suka ci wasa 51, suka fitar da Vanderbilt a gidanta, suka shiga takwas ɗin ƙarshe a birnin Omaha, inda aka ci su sau biyu suka dawo. Ba a taɓa samun jami'ar da ta haɗa waɗannan huɗu a shekara guda ba: babban wasan futbol, huɗun ƙarshe na maza, huɗun ƙarshe na mata, da Omaha. Shi kuwa Pitino, makon nan nasa ne: dokin da yake da hannun jari a cikinsa ya ci wata babbar sukuwa a California, ɗansa ya sami aikin horaswa a jami'ar Minnesota, ranar wasan ƙarshe aka sanar da shigarsa zauren gwanayen basket na tarihi, da dare ya zama mai horaswa na farko da ya ci kofi da jami'o'i biyu. Har jarfa ya je aka yi masa a baya, domin cika alkawarin da ya yi wa yaransa.

Kura da shan bugu

Ware yana kwance da ƙarfe a ƙafa, kamfanin Adidas, mai yi wa jami'ar tufafi da takalma, ya fitar da wata riga ta sayarwa mai ɗauke da lambarsa, 5. Doka ta hana a ba shi ko sisi daga cinikin. Surutu ya yi yawa, bayan ƴan kwanaki aka janye rigar daga kasuwa. Ƙaramin abu ne, amma ɗan kasuwa zai gane lissafin da ke bayansa. A 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner suka sayi iznin nuna gasar maza ta shekara 14 a kan dalar Amurka miliyar 10.8. Dalar Amurka fa, ba dalar da ake ƙirga a kasuwar Gazawa ba: a canjin sefa 500 na wancan lokaci, abin ya kai sefa miliyar 385 a kowace shekara, domin gasar mako uku. Daga wannan kuɗi da na tikiti da na kamfanonin takalma ake biyan masu horaswa miliyoyi, ake gina filaye, ake kuma ɗaukar nauyin wasannin da ba sa kawo kuɗi, irin su ninƙaya da guje-guje. Wannan na ƙarshe gaskiya ce da masu kare tsarin ke yawan faɗa, kuma suna da hujja. To amma wanda ake biya domin a kalla, shi kaɗai ne aka haramta wa karɓa a wancan lokaci. A Disamban 2010 an dakatar da ɗalibai biyar na jami'ar Ohio State wasa biyar-biyar, laifinsu shi ne sun sayar da zobba da riguna waɗanda su aka ba a matsayin lada.

A filin kokowa na Maraɗi, mai ɗauke da sunan Yakuba Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobi a Tawa a 1975, ba haka ake yi ba. Idan ɗan kokowa ya yi kaye, alhaji zai aiko da kyautarsa, gwamna ya aiko da tasa, ƴan kasuwa su aiko, sanƙira ya shelanta a lasifika: wane ya ba da jika kaza, wane ya ba da buhu kaza. Kowa ya ji wanda ya bayar, kowa ya ga wanda ya karɓa, sarkin kokowa ya tafi gida da takobi da doki da kuɗinsa. Ita ma kokowa ba ta rasa nata tsegumin ba, amma kyauta dai ba laifi ba ce a cikinta. A jami'o'in Amurka na wancan lokaci kuwa kowace tana neman yaro gwani ɗan shekara 17 ya zaɓe ta, domin zuwansa miliyoyi ne, kuma ba ta da iznin yi masa tayin kuɗi. Jami'ar da ta kama kanta tana nuna masa gine-gine da malamai. Wadda ba ta kama kanta ba tana neman wata ƙofar.

A Oktoban 2015 wata mata ta birnin Louisville ta fitar da littafi, ta ce daga 2010 zuwa 2014 wani ma'aikacin ƙungiyar basket, Andre McGee, tsohon ɗan wasan jami'ar, yana biyanta tana kai mata masu rawar tsiraici da masu zaman kansu gidan kwanan ƴan wasa, domin a jawo hankalin samarin da ake zawarci idan sun zo ziyara. NCAA ta bincika ta tabbatar da ainihin zancen, ta kuma gano cewa wasu daga cikin samarin ba su kai shekara 18 ba. Pitino ya ce bai sani ba, kuma hukumar ba ta ce ya sani ba. Abin da ta kama shi da shi shi ne rashin sa ido a kan ma'aikacinsa. Jami'ar ta yi ƙoƙarin riga hukunci, ta janye ƙungiyarta daga gasar 2016, abin da ya faɗa kan ɗaliban da ba su ma zo ba lokacin da aka yi ta'asar. Bai wadatar ba. A Yunin 2017 NCAA ta yanke cewa duk wasan da wani ɗan wasa mai hannu a ciki ya buga, a soke shi.

Ana cikin ɗaukaka ƙara sai wata ta ɓullo. A Agustan 2017 jami'ar ta sa hannu a sabon kwantaragi da Adidas, dalar Amurka miliyan 160 cikin shekara 10. Ranar 26 ga Satumba masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya, bisa binciken hukumar FBI, suka bayyana cewa wasu ma'aikatan kamfanin da dillalai sun shirya biyan dala 100,000 ga iyalin wani yaro domin ya shiga Louisville. Jaridar garin, Courier-Journal, ta kuma binciko cewa a tsohon kwantaragin kashi 98 cikin 100 na tsabar kuɗin da kamfanin ke bayarwa aljihun Pitino yake shiga, bisa yarjejeniya, ba a ɓoye ba. A Oktoba aka sallami Pitino da Jurich. A 2018 kotu ta sami wani babban ma'aikacin kamfanin da laifin zamba.

Ranar 20 ga Fabrairun 2018 aka ƙi karɓar ɗaukaka ƙarar. Aka soke nasara 123 na shekara huɗu, aka ce jami'ar ta mayar da wajen dala 600,000, aka sauke tutar 2013 daga rufin zauren. Karo na farko ke nan da aka karɓe kofin basket na maza a rukunin farko. Ba a ba Michigan ba, an dai bar gurbin fayau. Nasarar futbol da ta mata da ta besbol ba abin da ya taɓa su, suna nan a rubuce, sai dai shekarar jan tsuntsu ta rasa kanta.

Inda kowa ya nufa

Manyan ba su daɗe a ƙasa ba. Jurich ya sasanta da jami'ar a 2018, aka biya shi dala miliyan 4.5. Pitino ya tafi Girka ya horar da Panathinaikos, ya dawo jami'ar Iona a 2020. A Nuwamban 2022 kwamitin da ya duba maganar Adidas ya wanke shi, ya ci jami'ar tarar dala 5,000 kacal. A 2023 ya karɓi jami'ar St. John's ta New York, a 2025 ya ci kofin Big East da ita.

Ɗaliban kuwa sai da suka je kotu domin neman sunansu. A Yulin 2018 mutum biyar daga cikin ƴan 2013, har da Hancock da Henderson da Dieng, suka kai NCAA ƙara, suka ce hukuncin ya shafa musu kashin kaji alhali ba su ci ba, ba su sha ba. A ƙarshen Satumban 2019 aka sasanta: hukumar ta amince a rubuce cewa su biyar ɗin ba su da hannu, ta mayar wa Hancock lambarsa ta gwanin wasannin ƙarshe. Wato a kundin hukuma akwai gwanin gasar 2013, amma babu ƙungiyar da ta ci gasar.

Dokar da ta haifi wannan duka ita ma ta faɗi. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli ta Amurka, su tara baki ɗaya, suka yanke hukunci a kan NCAA game da iyakance abin da ake ba ɗalibai na karatu, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka halatta wa ɗan wasa ya sayar da sunansa da hotonsa ga masu talla. A Yunin 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa ƴan wasanta har wajen dala miliyan 20.5 a shekarar farko, da diyyar dala miliyar 2.8 ga waɗanda suka gabata. Diyyar ta fara ne daga waɗanda suka yi wasa a 2016. Ware da rigarsa mai lamba 5 ba sa ciki.

Ga ƙasar Nijar, wadda lambobinta na wasannin Olamfik biyu ne, tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich a 1972 da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a Rio a 2016, kuma ba ɗaya da ta fito daga ƙungiyar wata jami'a, miliyoyin Louisville labari ne na wata duniya. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ba ta da kamfanin takalma da zai lalata ta. Abin da ya fi kusa da gida a cikin labarin shi ne farkonsa, wato makarantar Thiès: wuri guda inda yaron ƙauye mai tsawo ko mai gudu zai sami aji da fili da mai horaswa da abinci a lokaci ɗaya, ba a ce masa ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa ba za a rasa irin wannan yaro ba, amma a kwalejojin karkara da yawa filin wasa fegin rairayi ne da sanda biyu, kuma alhazan da ke rige-rigen kyauta ranar takobi ba a cika jin sunansu a wasannin ƴan makaranta ba.

Dieng ya bar jami'a bayan shekara ta uku. A Yunin 2013 aka zaɓe shi na 21 a zaɓen sabbin ƴan wasan NBA, ya fara da ƙungiyar Minnesota, wadda a 2016 ta ba shi kwantaragin shekara huɗu na sama da dala miliyan 60. Ya kafa gidauniya da sunansa, ya yi ta aika kayan asibiti Senegal, ya taimaka aka buɗe wurin wankin ƙoda, ya kuma kafa gonar koyar da noman rani. Ya ci tagulla da ƙungiyar ƙasarsa a gasar Afirka ta 2017 da ta 2021, ya ajiye wasa a 2023.

A Fabrairun wannan shekara ta 2023, cika shekara 10, jami'ar ta gayyaci ƴan 2013 suka dawo zauren KFC. Ƙungiyar wancan lokaci tana cikin mafi munin shekarunta, za ta ƙare da nasara 4 da kaye 28, amma jama'a sun fito. Tun da hukunci ya hana a rubuta kalmar zakara, sai aka nemi abin da ba a soke ba: ƙuri'ar da masu horaswa na ƙasa ke kaɗawa a ƙarshen kowace shekara, wadda ba ta hukumar ba ce. Aka ɗaga sabuwar tuta kusa da ta 1980 da ta 1986, an rubuta a jikinta cewa a ƙuri'ar ƙarshe ta masu horaswa ta 2013, Louisville ce ta ɗaya.